Ranar da Ciyawa Ta Tsallako Shinge

Talata, mako na biyu na Janairu

Zuwa ga abokina kuma tsarana, Habil Lugalia,

Yau Talata na tashi da dama-dama. Gwiwar hagu ta bar ni na kai bakin ƙofa ba sanda, ta dama ce ke ta ƙorafi. Tarin ya ragu, sai da sassafe yake tunawa da ni. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗanka da matarsa da jikoki. Yaya zafin Mombasa? Yaya hawan jinin? Ina fatan kana haɗiye maganin, ba tura shi kake yi ƙarƙashin katifa ba kamar yadda ka riƙa yi da kwinin ɗin mishan.

Kada ka tambaye ni abin da ya hana ni kiran ka a waya. Kunnuwana sun zama na ado. Kuma wanda ya tsufa a gidan waya yana buga wa wasiƙun mutane hatimi, ai ba za a hana shi rubuta tasa ba.

Wani labari ya iso ni, kuma da sunanka a ciki. An ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda kai ne shugabanta, za ta kankare ciyawar filin makarantarmu ta shimfiɗa ta roba. Da na ji, sai da na yi dariya har tarin ya dawo. Kai, Rariya? Kai da ka yi shekaru a gola kana ɗora wa ciyawa laifin duk ƙwallon da ta wuce ta tsakanin ƙafafunka? Ashe ramuwa ka daɗe kana shiryawa. Ka manta yadda muka riƙa ɗauko saiwarta daga bakin rafi a kwando, muna dasawa da tsinke, hedimasta na tsaye a kanmu da bulala?

To, na gama tsokana. Bari in gaya maka abin da ba a gani daga Mombasa.

Ka san gidana jingine yake da shingen makaranta, kuma ka san kafar nan da ke jikin ƙayar, daidai inda nake ajiye bencina. Tun da matata Rispa ta rasu, 'yarmu kuma tana Nakuru da nata iyalin, ta wannan kafar duniya ke shigo mini. Filin nan bai taɓa ganin injin yankan ciyawa ba. Matan unguwa ne ke yankarta da lauje ran Asabar, su kai wa shanunsu na turke, don ka san a nan ba wanda ke da wurin kiwo, masara da ayaba sun kai har bakin ɗaki. Kowace mace da yankinta, mafi yawansu a hannun uwar miji suka gaje shi. Ba takarda, ba turke, amma ko da taki ɗaya wata ta shiga na wata, sai an ji su har kasuwar Mbale. Da rani kuma kowace ta kawo kashin shanu ta watsa wa nata. Shi ya sa filin yake kore shar, ba don hikimar wani shugaban makaranta ba.

Duk ta ƙofata suke bi. Su sauke dami a gabana, su sha ruwa, su ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya sayar da ɗan maraƙi a ɓoye. Babbarsu Mama Kageha, ka san ta, matar marigayi Adagala mai gyaran keke, ba ta zuwa hannu sake, kullum da kofin madara. Sai ta miƙo ta ce, "Ungo, Baba Safania, sha kada iska ta ɗauke mana kai." Da yamma kuma yara na buga ƙwallo, ni ina ba su shawarar da ba wanda ya nema.

An ce ita ta robar sai an kewaye ta da waya mai tsawo, a sa kwaɗo, don kada dabba ko ƙafa mai taɓo ta shiga. Ke nan za a toshe kafar. Idan ba ciyawa, ba lauje, ba Asabar. Ni dai abin da nake tsoro ke nan, Habil: in wayi gari mako ya zagayo ba wanda ya kira sunana.

An sa taro a makaranta ƙarshen wata, iyaye da maƙwabta, za a ɗaga hannu. Zan je, kuma na fara shirya jawabi. Ka yi shiri, don ba zan rage maka komai ba.

Ka gai da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Safania Kisia, wanda kake kira Hawainiya


Lahadi, farkon Fabrairu

Zuwa ga Habil,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har sau biyu, na farko don in ji haushi, na biyu don in yi dariya. Na ji daɗi da jinin ya sauka. Ni jiya na ɗan yi jiri a hanya, amma ya wuce. Kuma ka daina cewa ni ba na son ci gaba. Ni ne na fara sa wando mai tsawo a ajinmu, kana nan.

An yi taron. Zauna da kyau kafin ka karanta.

Na sa kwat ɗina na coci, jawabi a aljihu, shafi biyu gaba da baya. Mama Kageha da matanta suka cika benci na baya, kowace ta ɗaure fuska. A hanya ta ce mini in na tashi magana kada in tsaya Turancin mutanen da, in faɗi abin da saniya ma za ta gane.

Shugaban makaranta ya yi nasa, ya yi tsawo. Sai aka kira malamar wasanni, Malama Vugutsa, wata siririyar yarinya, jikar Chanzu mai kiɗan coci. Ita ce ke koya wa 'yan mata ƙwallon gora. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce bara 'yan matanta sun doke duk makarantun yankin nan, aka kai su gasar ƙasa a birni. A can suka fara taka filin roba a rayuwarsu. A kan ciyawarmu ƙwallo tana tafe tana tuntuɓe, tana jiran mutum. A can kuwa wucewa take kamar an harba ta. Yaran suka riƙa tsayawa inda suka saba tarar da ita, su tarar ta daɗe da wucewa. Ta ce ba kukan da suka yi a mota ne ya dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne da babbarsu ta ce, "Malama, ashe mu ba mu iya ba." Ta ƙara da cewa da damina rabin zango filin fadama ne, mu ma mun sani.

Habil, mun sani mana. Ka tuna yadda muke komawa gida kamar an tono mu.

Na duba gefe, ga 'yan matan a tsaye jikin taga, suna leƙe. Aka ce Baba Kisia yana da magana. Na tashi, na taɓa aljihu, na ji takardar. Sai na ji bakina yana cewa filin na yara ne, mu mun yi namu wasan. Na zauna. Da aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga nawa tare da masu son roba. Ba da hannuna aka yi rinjaye ba, ko ba ni ma sun fi yawa, amma kowa ya gan shi a sama.

A bakin ƙofa Mama Kageha ta tsaya ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Baba, har da kai?" Ba ta jira amsa ba.

Jiya Asabar sun zo yanka, amma ta babbar ƙofar makaranta suka zagaya, da nisanta da komai. Ina zaune a benci ina hango su. Ba wadda ta ɗago. Na sha shayina baƙi.

Kada ka yi murna da yawa, ba don kai na yi ba. Ka ce za ka zo bikin buɗewa bayan Ista. Na riƙe ka da wannan.

Ka gai da jikoki, ka ce wa ƙaramar na ga zanen jirgin ruwan da ta sa a cikin ambulan.

Abokinka,
Safania


Alhamis, tsakiyar Maris

Zuwa ga tsarana Habil,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Ni bayana ke ciwo, kuma za ka ji dalili, ciwo ne mai daɗi.

Aka ce katafila za ta zo ran Litinin ta kankare filin, a kwashe a zubar a ramin da ake haƙar tsakuwa. Ran Asabar kafin nan, gari bai gama wayewa ba, na ji ana dukan ƙyauren gonata. Na fito da bargo a kafaɗa. Mama Kageha ce, da fartanya a hannu, bayanta mata sun yi layi da shebur da daro da baro.

Ta ce, "Baba Safania, tun da hannunka yana da ƙarfin tashi a taro, ɗaga mana wannan sakatar."

Na tambaye ta lafiya. Ta ce makaranta ta ce filinta ne, ba su musa ba, amma ƙasar ce ta makaranta, ciyawar da masu ita. Wanda ya yi shekaru yana ciyar da abu da taki ba ya barin a zubar da shi a rami. Sun zauna sun duba, duk unguwar ba mai tafin hannu na wuri sai ni. Ta ce gonata ce kaɗai ke zaman banza kamar mai ita.

Ka san tun da ƙarfi ya ƙare ban sake noma ta ba, har kunyarta nake ji idan mutane sun wuce. Na ɗaga sakatar.

Habil, da ka ga aiki. Kowace mace ta shiga yankinta, tana yanka ciyawar falle-falle da ƙasarta, kamar ana yanka burodi, a ɗora a daro, a ɗauka a ka, a biyo ta kafar shinge. Suka ce yadda suke a can haka za su zauna a nan, wadda ke maƙwabtaka da wata ba za a raba su ba, ko da ba sa ga maciji. To gonata ba ta kai rabin filin ba, ga gangara, ga ƙaton dutsen nan a tsakiya wanda muke hawa muna gasa masara. Aka kawo igiya aka rage wa kowa daidai. Sai rigima ta tashi, don Minayo, wadda yankinta ke tsakiyar fili, ta ga rabonta ya faɗa kan dutse. Ta riƙe ƙugu ta ce ita saniyarta ba ta da haƙoran cin dutse. Wata ta ce ai saniyar ta yi kama da mai ita, komai za ta iya taunawa. Aka ce mai gona ya yanke hukunci. Ni da na yi makonni ba a gaishe ni ba, sai ga ni a kan kujera ana ta "Baba ka duba, Baba ka faɗi gaskiya." Na ba Minayo zagayen dutsen duka, da gefen da inuwa ke sauka. Ta ce ta yarda, amma ba don na iya shari'a ba.

Da hantsi sai ga Malama Vugutsa da 'yan matanta, ba wanda ya kira su. Ta durƙusa ta gai da Mama Kageha, ta ce sun zo ɗauka. Kageha ta dube su ta ce wuyan da ya saba da littafi ba zai iya daro ba. Kafin la'asar ita ce ke zuba musu dafaffen dankali tana cewa su ƙara. Ni ma na ɗauki falle ɗaya, ƙarami. Shi ne ciwon bayan.

Abu ɗaya ban yi zato ba. Yankin da Kageha ke yanka asalinsa na Rispa ne, ita ta bar mata da ciwo ya kwantar da ita. Ba ta kai shi gona ba. Ta shimfiɗa shi a ƙofar ɗaki, gefen kabarin Rispa da ke nan cikin gida, ta bi shi da ƙafa tana dannawa. Na shiga ɗaki neman abin da ban ajiye ba.

Katafila ta zo ran Litinin ta tarar an rage mata aiki. Yanzu an ja waya, an toshe kafar.

Sai dai ruwa ya ƙi zuwa. Ya kamata a ce ya sauka tun makon jiya. Ciyawar ta yi ja, gefen kowane falle ya naɗe kamar busasshen ganyen taba. Rafi ya yi nisa, ba mai iya shayar da gona guda da jarka. Matan sun daina zuwa, don ba abin gani. Kageha kaɗai ke leƙowa da safe, ta tsuguna ta tona da yatsa, ta ɗaga kai ta harari sama. Idan ciyawar nan ta mutu, Habil, na rasa filin, na rasa Asabar, kuma a gonata abin mutane ya mutu. Ni ruwan da na wanke fuska nake zuba wa ta ƙofar ɗaki.

Ka sa mu a addu'a, kai da ke kusa da ruwan teku da ba shi da amfani.

Naka,
Safania


Lahadi, bayan Ista

Zuwa ga abokina Habil,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Ni muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura, kuma rabon da in ji daɗin jikina haka na manta.

Ruwa ya sauka kwana kaɗan bayan na aika maka waccan wasiƙar, irin mai dukan kwano har ni kurma na ji. Mako bai cika ba sai ga tsinin kore yana leƙowa ta cikin jan. Yanzu ba ka gane inda falle ya haɗu da falle. Ciyawar ta fara hawa dutsen Minayo ma.

Jiya aka buɗe filinku. Da safe aka aiko mini ɗan acaba, aka zaunar da ni a gaba cikin manya. Zan faɗi gaskiya ko da za ka yi mini dariya har Kirsimeti: abin ya yi kyau. Na taka shi, kamar mutum na tafiya a kan katifa, sai dai yana ɗan warin taya. An kwana ana ruwa, amma ko ɗigon taɓo babu. 'Yan matan Malama Vugutsa suka kara da wata makaranta daga Kisumu. Ƙwallon nan ban ma iya bin ta da ido ba, su kuwa suna tare ta kamar da ita aka haife su. Aka tashi kunnen doki, suka yi ta tsalle kamar sun ɗauko kofi. Malamar ta zo ta riƙe hannuna da hannu biyu.

Dokar wurin ita ce ba a shiga sai da takalmin wasa, kuma ana tashi a sa kwaɗo. Na ga yaran unguwa da ɗaliban da ba su da takalmi sun manna fuska a jikin waya. Raina ya ɗan sosu, ban san inda za su nufa ba.

Ashe sun riga ni sani. Da acaba ya sauke ni, tun daga hanya na hango gonata cike. A gefen sama matan na yankan farko, lauje na walƙiya. A gefen da aka riga aka yanke, an kafa sandunan rake biyu nan, biyu can, ana buga ƙwallo ba takalmi. Masu bugawa zuwa gangare suna ci, masu hawa suna haki, sai a juya. Dutsen kuwa ya zama ɗan baya wanda ba a taɓa wucewa. Na zaci Kageha za ta kore su. Ta ce mini ciyawar da ba a takawa ba ta yin kauri, tun can ma ƙafar yara ce rabin takinta, amma duk wanda ya shiga inda ba a yanka ba za ta aske shi da lauje. Yaran suka ce ba alƙalin wasa, Kaka ya zo, wato ni. Ba ni da usur, da murfin tukunya da cokali na yi. Abin da ya cinye muryar ke nan.

Na shiga uku, Habil. Sun ce kullum da yamma za su zo. Matan kuma sun ce tun da ciyawar ta dawo kusa, ba sai an jira Asabar ba. Barcin rana ya ƙare mini. Minayo har ta fara ƙorafi wai shayina ba sukari.

Ka gai da ɗanka da matarsa da jikoki. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Safania Kisia

Ƙari: Jiya na sa an yanka maka zakara tun da safe, Kageha ta tuƙa tuwon masara, na hana kowa taɓa ƙundun don na baƙo ne. An ajiye maka kujera a filin da sunanka a jiki, wani mai ƙaton ciki ya zauna a kai. Ban san abin da ya riƙe ka ba, ina fatan ba jikin ba ne, ka rubuto in ji. Ba ka zo ba, Rariya. Kuma ka yafe mini, sai da aka watse na ɗauke murfin kwanon na ga ƙundun, sannan na tuna tun tsakar rana ban sake duban hanya ba.